Igiyoyi Bakwai na Baba Barau Makaniki

Kafin rana ta haura kan tsamiyar da ke bakin tashar Faskari, Baba Barau ya riga ya jingine kekensa, ya share gindin bishiyar da hannunsa, ya shimfiɗa wata tsohuwar fatar akuya da baƙin mai ya cinye wa gashi. Sai ya jera sifanu, manya a dama, ƙanana a hagu, ya rataye jakarsa a ƙusar da ya buga jikin tsamiyar tun kafin a haifi wasu direbobin da ke gaishe shi yau. Daga nan ya zauna ya sha kunun da matarsa Inna Mero ta zubo masa, idonsa a kan hanya. Taguwa ɗaya aka san shi da ita. An ce asalinta fara ce, amma har yau ban sami wanda ya shaida hakan da idonsa ba.

In mota ta tsaya da ciwo, duk makanikin da na sani gabanta yake nufa, ya duba sunan da ke goshinta, ya ɗaga bonet. Baba Barau ko kallon goshin ba ya yi. Zai tambayi direba gajiya da iyali, ya ciro jakar nan, ya ja fatarsa, ya kwanta rigingine ya sulale ƙarƙashin mota har sai tafin ƙafarsa kawai ake gani. Shekara ashirin da takwas yana haka, har akwai mutanen Faskari da suka fi sanin tafin ƙafarsa da fuskarsa. A bana, 1958, gwiwa da baya sun ce masa sun gaji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada ya tashi daga gindin tsamiyar nan ba wanda ya faɗi ko shi wane ne.

Ni malamin gona ne a Daudawa, kuma mutum ne mai shegen bin diddigi. Abin da ke cikin jakar nan ya daɗe yana ci mini rai kafin in gani. Ba komai ba ne sai igiyoyin rama guda bakwai, kowace da launin da Inna Mero ta rina mata, kowace da ƙulle-ƙulle a jikinta.

Ga dalilinsu. Motocin kaya ba da jiki suke sauka daga jirgin ƙasa ba. Inji ne da goshi da ƙafafu, sai dogayen ƙarafa biyu da komai ke zaune a kansu, waɗanda makanikai ke ce wa shasi. Kafintocinmu ne suke gina musu bodin katako, mai fenti ya zo ya yi nasa. Saboda haka sai ka ga motoci biyu kamar tagwaye alhali ko noti ɗaya na wannan ba ya shiga waccan, ka ga wasu biyun ba abin da ya haɗa su a ido alhali a ƙasa abu ɗaya ne. Su kansu masu ƙera su sukan yi shasi iri ɗaya su liƙa masa suna biyu ko uku. Baba Barau bai karanta wannan a littafi ba, don ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Ɗan maƙeran Yargoje ne. A 1930 wata mota ta karya sifirin, wato ƙarfen da ke ɗauke mata nauyi a kan ƙafa, kusa da maƙerarsu, aka kira shi ya buga ƙarfe, ya kwanta ƙarƙashi don ya ga inda ƙarfen zai zauna, ya ga abin da ya fi masa ƙira ban sha'awa.

"Suna goma sha tara na ƙirga bisa hanyoyin ga namu," in ji shi, ranar da na tsare shi da tambaya. "Amma gida bakwai ne kacal, Malam. Kowane gida da ƙashinshi."

Kowace igiya gida ɗaya ce. Ƙulli na farko faɗin shasi ne, na biyu tsawon sifirin, na uku daga ƙafar gaba zuwa ta baya, haka dai. In igiya ta zauna daram a kan mota, ya san gidansu, ya kuma san ko kayan wace mota za su shige ta. Sauran ilmin a kansa yake: babu motar da ta mutu tsakanin Kankara, Faskari da Sabuwa da bai san inda take kwance ba. Ranar da ba aiki sai ya hau keke ya tafi duba su, direbobi suna yi masa tsiya wai Baba ya tafi ziyarar makabarta.

Alhaji Gide mai sayar da taya a Kankara ya ba ni labarin wani direba da ya kwana goma sha huɗu a tasha yana jiran sifirin daga Kano. Baba Barau ya auna motar, sai ya ce a bi shi wani ƙauye bayan Yargoje. A can suka sami ƙarfen da ake nema rataye a bishiya, mai gari yana buga shi in zai tara mutane gayya. Baba ya ba mai garin karyayyen, ya buga masa ya ji ƙarar ba ta canza ba, aka yi musaya kowa yana dariya.

Amma abin da na gani da idona shi ne dalilin wannan rubutu, kuma ba ni ne jarumin labarin ba, ni ne sakaran ciki.

A farkon daminar 1954 aka ɗora mini nauyin kai gurya, wato irin auduga, ga wasu ƙauyuka da ke hayin wani rafi bayan Sabuwa. Gida ɗari da ashirin ne ke jira. Rafin nan ba gada, da rani yaro ma yana tsallake shi, amma da zarar damina ta zauna ya rufe hanya sai kaka. In iri bai haye kafin ya cika ba, mutanen nan ba su ba auduga a shekarar, ba zane, ba bante, ba abin yi wa 'ya'ya aure. Na ɗauki hayar motar wani direba mai suna Sanusi, irin wadda direbobi ke kira Mai Fiffike saboda tambarin da ke goshinta. Mun wuce Faskari da mil kaɗan sai muka ji ƙas, inji yana kuka mota ba ta motsi. Shaf ya karye, wato sandar ƙarfen da ke juya ƙafar baya.

"Malam, mu aika a kira Baba Barau," in ji Sanusi.

Na ce ina! Maƙerin da bai iya karanta ko sunan mota ba? Ni da na yi makaranta zan yi abin bisa ƙa'ida. Na kwafe sunan da ke goshin motar baƙi bayan baƙi, na aika wasiƙa Funtuwa a sa ta a jirgi zuwa kanti a Kano. Na nemi jakuna, aka ce duk suna gona, ba mai ba da nasa kwana biyar a irin wannan lokaci. Muka ja tamfal muka zauna gadi.

Kwana tara muka yi. Ruwa ya sauka sau biyu. Ranar da ƙarfen ya iso, sabo fil a cikin takarda mai maiƙo, har na fara hura hanci. Sanusi ya zura shi, ya juya, ya zaro, ya sake zurawa. Ya gaza da yatsa uku, haƙoran bakinsa kuma ba su kama ba. Mutanen kanti ba su yi kuskure ba, abin da na rubuta suka aiko.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga wani dattijon Bamaguje da sanda a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka. Tanimu sunansa, mutanen hayin rafi suka turo shi, kwana biyu yana tafiya.

"Kai ne malamin iri?" ya ce. "Mun yi huɗa, ƙasa tana jira. Shekaranjiya da na hayo, ruwa shina idon sawu. In aka ƙara ruwa biyu, ba mota ba jaki."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni har na kasa haɗa ido da shi. Na ce wa Sanusi ya hau kekena da muka ɗoro a kan kaya ya kira Baba Barau, ya kuma roƙar mini gafara tun daga nesa.

Baba ya zo, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, bai kalli sabon ƙarfen ba balle ya yi mini gori. Ya shige ƙarƙashi. Can sai muka ji muryarsa.

"Sanusi, ina ka samo motar ga?"

"Gusau, Baba. Hannu na biyu."

"Ta taɓa cin karo?"

"Wallahi ban sani ba, haka na ishe ta."

"Malam, taho ka gani."

Farin kaftani ne a jikina. Na durƙusa ina leƙe ina tattare riga.

"Daga nan ba ka ganin komi," ya ce. "Kwanta."

Na kwanta. Karo na farko ke nan da na ga cikin mota daga ƙasa, kuma na rantse tsoro ya fara kama ni kafin mamaki ya kore shi. Ya nuna mini wasu ramukan noti guda huɗu da ba komai a cikinsu, kusa da su kuma wasu sababbi da aka huda da hannu, a karkace. Ya zaro jar igiya, ta gidan su Mai Fiffike, ya miƙa ta tsakanin ƙarafan shasi. Ƙullin bai kai ba, saura yatsa uku. Ya mayar, ya zaro shuɗiya. Ƙulli na farko ya zauna, na biyu ya zauna, na uku ya zauna.

"Ka gani? Ta yi karo, goshinta ya lalace, wani mai dabara ya ɗauko na wata ya liƙa mata. Goshin aro ne. Ita ɗiyar gidan shuɗiya ce."

Na tambaye shi to mene ne ainihin sunanta, don in sake rubuta wasiƙa.

"Gidan ga suna biyu gare su, Mai Duniya da Mai Rago. Ko wacce ce cikinsu ban sani ba, ban kuma damu ba, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wasiƙarka kwana tara ce, Malam. Rahi ba shi jiran kwana tara." Ya naɗe igiyar a yatsa. "Akwai guda Ruwan Godiya. Sai dai mai ita ba ta saidawa."

Mai ita Hajaratu ce, matar marigayi Zailani direba, wanda sanƙarau ya ɗauke shekara uku kafin nan. Tun ranar da ya ajiye motarsa Mai Rago a ƙofar gida ya shiga ɗaki da ciwon kai, ba ta sake motsi ba. Washegari da hantsi muka isa garin Ruwan Godiya, ni da Baba, kowa a kan kekensa. Motar tana nan, tayoyi sun sace, zabi suna ƙwai a mazaunin direba, amma an share kewayenta fes kamar tsakar ɗaki. Hajaratu ta fito zaure da mazari a hannu, kaɗi take yi. Baba ya yi gaisuwa mai tsawo har na fara ƙosawa, ina ta ɗaga kai ina duban hadari.

"Baba, in dai motar ga ce, kun sha rana a banza," ta ce. "Shekara ukku ana zuwa. Wani ya ce hitila, wani ya ce taya. In na biye musu, ƙashi kaɗai za su bar mani."

"Ban zo saye ba, ɗiyata. Motar Zailani tana da ƙanwa, ta karye ƙahwa bisa hanyar Sabuwa da irin mutane a kanta."

"Wace iri ce?"

Ni da bakina ba ya zama shiru na ce ai Mai Fiffike ce. Ta dube ni, ta dubi Baba.

"Ta Zailani Mai Rago ce. Ni ma ina da ido. Ina rago ina hihhike?"

Na ɗauka magana ta ƙare. Baba bai yi musu ba, bai kuma shiga wa'azi ba. Ya zaro shuɗiyar igiya ya miƙa mata bakinta.

"Jiya igiyar ga ta zauna bisa waccan, Malam shaida ne. Riƙe nan ki auna taki da hannunki. In ba ta zauna ba, mu tahi, ba ki ƙara ganina kan zancen ga."

Ta ajiye mazari. Ina ganin son sani ne ya fara jan ta kafin tausayi. Ta tsuguna gefen motar ta danne igiyar a ƙarfe ɗaya, Baba ya ja zuwa ɗayan. Ƙulli ya zauna. Suka koma kan sifirin, ya zauna. Ta ce a sake, aka sake.

"To a zaro ƙarhen in gani," ta ce. "In bai yi daidai ba a maida shi yanzu, ina tsaye."

Baba ya kwance notocin a hankali, yana jera su a kan fatarsa. Ya zaro shaf ɗin, ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya kwanto gutsattsarin karyayyen da ya ɗauro a keke ya haɗa su gefensa. Tsawo ɗaya. Hajaratu ta sa yatsa tana ƙirga haƙoran bakinsa, goma. Ta ƙirga na karyayyen, goma. Ta daɗe a tsugune hannunta a kan ƙarfen mijinta.

"Irin mi ne?" ta tambaya daga ƙarshe.

"Gurya. Ta gida ɗari da ashirin."

Ta kalli mazarinta da ke ƙasa.

"Aro ne. Kuma hannunka na ba, Baba, ba hannun mai farar riga ba."

Farar rigar da take magana a lokacin ta fi kama da tsumman goge inji, amma na haɗiye, don na cancanci fiye da haka.

Da sassafe Baba ya zura ƙarfen a motar Sanusi, ya shige kamar a can aka haife shi. Bayan azahar muka isa rafi, Tanimu a gaba yana auna ruwa da sandarsa. Ruwan ya kai gwiwa. Sanusi ya yi bisimilla ya tsunduma, ruwa yana dukan cibiyar taya, motar tana nishi, ni kuwa duk addu'ar da na sani sai da na karanta ta. Da muka taka hayi matan ƙauyen suka ɓarke da guɗa. Aka sauke buhuna a guje muka juyo, don gabas ta riga ta yi baƙi. Kafin mu kai Sabuwa ruwa ya kece. Washegari rafin ya cika baki da baki, bai sake ba mota hanya ba sai bayan wata huɗu.

Da ƙarfen gaskiya ya iso daga Kano, wanda aka nemo bisa awon igiya, Baba Barau ya zaro na Zailani, ya wanke shi da kananzir, ya ɗaura a keke har Ruwan Godiya don ya mayar da shi cikin motar da kowa ya san ba za ta ƙara tafiya ba. Alkawari ya yi. Hajaratu ta tare shi a ƙofa.

"Da gaske ya haye rahin?"

"Ya haye, ya dawo."

"To maida shi bisa hanya, Baba. Zailani bai taɓa son zama wuri guda ba."

Tun daga nan take barin kayan motar suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, amma ta hannun Baba kaɗai, kuma sai ta auna da kanta. Yau motar Zailani tana cikin motoci tara. Ranar kasuwa Hajaratu takan zauna bakin hanya da kaɗinta, duk wadda ta zo wucewa cikin taran nan sai direba ya danna mata ƙaho.

Baba Barau, kai ne ka koya mini cewa sunan da ke goshi kowa yana iya liƙa shi. Kai ne ka gan ni cikin wauta ba ka yi mini dariya ba, ka ce in kwanta in gani. Kai ne ka iske mace tana gadin abin da ya rage mata na mijinta, ba ka yi mata wayo ba, ba ka nuna mata kai ka sani ba, ka sa igiya a hannunta. Ɗan maƙeran Yargoje, mai gane ƙashi ta cikin riga! Mutanen hayin rafi ba su san fuskarka ba, amma zanen da matansu suka ɗaura a waccan shekara ta ƙarƙashin mota ya bi ta hannunka.

Na tambaye shi makomar igiyoyin. Sanusi ya bar tuƙi, shekara biyu ke nan yana kwanciya gefen Baba, shi zai gaji gindin tsamiya da jaka. Inna Mero ta tufka masa sabuwar shuɗiya, don Baba ya kai wa Hajaratu tsohuwar. Ni kuma na roƙa a bar ni in rubuta awon a littafi saboda na baya. Ya yarda, da sharaɗin kada in rubuta gidan da ban kwanta ƙarƙashinsa ba. Gida biyar na gama, kaftani uku sun tafi, matata Asma'u ta ce in na ƙara lalata ɗaya sai dai in koma tasha da zama.

Ga samarin makanikai, da 'yan'uwana 'yan boko masu saurin kwafe suna su aika wasiƙa: ku je Faskari tun Baba yana iya magana da ku. Ku tambaye shi, yana son mai tambaya. In ya ce ku kwanta, ku kwanta, ƙasa ba ta cizo.

Saura abu ɗaya. A kakar 1954 Tanimu ya ɗauko kwandon auduga a ka, ta farkon tsinka, ya kai wa Hajaratu har gida. Ita ta kaɗa zaren, masaƙin Ruwan Godiya ya saƙa, aka ɗinka babbar riga fara sol aka aika wa Baba Barau. Ya shafa ta, ya yi godiya, ya ce muddin yana shiga ƙarƙashin mota ba zai sa ta ba, don kada baƙin mai ya taɓa wahalar mutane. Inna Mero ta ninke ta ta sa a adaka. Shekara huɗu tana ciki.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina tsaye a tashar Faskari sai na ga direbobi suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ne ke tahowa a hankali da sanda, cikin farar riga mai layin ninki a kafaɗa. Sai da ya zo dab da ni na gane shi. Ya tsaya gindin tsamiya, ya dubi tafin ƙafar Sanusi da ke leƙowa daga ƙarƙashin wata mota, ya yi murmushi, ya wuce masallaci. Ban san hawaye sun zubo mini ba sai da na ji gishiri a bakina.

Mun gode, Baba Barau. Allah Ya ba gwiwa da baya hutu, Ya sa ka daɗe kana sa rigar nan.